FILIN MANOMA: Biskit na Hatsin Ot da Sukarin da A Ke Tatsa Daga Itace

Makon jiya wani mai kanti ya same ni a ofis riƙe da wata 'yar kwalba mai hoton jan ganye a jikinta. Ya ce ƙanensa da ke karatu a Kanada ya kawo masa ita tsaraba, tare da wata takarda da ta bayyana yadda a ke yin biskit da abin da ke ciki. Tambaya uku ya yi mini. Ta fari, yaya a ke samun sukari daga itacen da ba 'ya'yansa a ke ci ba? Ta biyu, me ya sa 'yar kwalba kamar wannan ta fi kwanon sukari tsada nesa ba kusa ba? Ta uku, in abin yana da kuɗi haka, me zai hana mu nemo irin mu dasa a nan?

Na ga tambayoyin nan sun cancanci a amsa su a fili, don kuwa akwai abin koyo a ciki ga manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci duka. Saboda haka yau za mu bar gero da gyaɗa su huta, mu leƙa gonakin waɗansu mutane masu nisa.

ITACEN DA ƘASARSA

Sunan itacen nan mefil. Yana da iri da yawa, amma wanda ya fi ba da sukari ba ya fita sosai sai a kudu maso gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka. Ganyensa ne a tsakiyar tutar Kanada, wadda aka soma kafawa ran 15 ga Fabrairu, 1965. Itace ne dogo mai tauri, ya kan yi shekara 200 ko fi yana tsaye. Lardin Quebec na Kanada shi kaɗai ya ke fid da wajen kashi 70 bisa 100 na abin da duniya ke samu. A Amurka kuwa jihar Vermont ce kan gaba.

Abin da ke cikin kwalbar nan ruwan jikin itacen ne aka dafa har ya yi kauri. In kana son ka gane shi, tuna da maɗin da a ke yi da ɗinya ko da ruwan rake. Don haka a nan zan riƙa kiransa maɗin mefil. In aka ci gaba da dafa shi har ya bushe ya zama gari, shi ne sukarin mefil.

YADDA RUWAN KE ZUWA

Da bazarar ƙasar, sa'ad da itacen ke da ganye, ganyen na haɗa sukari da taimakon hasken rana, kamar yadda ko wane tsiro ke yi. Abin da ya rage bai ci ba, sai ya mai da shi sitaci ya ɓoye cikin saiwa da gangar jiki. Watau shi ma yana da rumbunsa. Sa'an nan ganye ya zube, sanyi ya sauko, ƙanƙara ta rufe ƙasa wata da watanni.

Can wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Afirilu, sanyi ya kan soma sassautawa. Da dare ruwa ya daskare, da rana ya narke. A lokacin nan ne sitacin da ke ɓoye ya ke komawa sukari ya shiga ruwan jikin itacen. In dare ya yi, sanyi ya kama rassa, sai itacen ya zuƙo ruwa daga ƙasa ta saiwa. In rana ta fito jikinsa ya yi ɗumi, sai ruwan nan ya matsu a ciki yana neman hanya. To, in akwai huda a jikin itacen, ta nan zai riƙa ɗiga.

Ka lura da kyau, sai an sami abu biyun nan tare, daskarewa da dare da narkewa da rana. In sanyi ya dore dare da rana, ba a samun ko ɗigo. In ɗumi ya dore, nan ma ya tsaya. Da zarar itacen ya soma toho kuwa, ruwan ya canja ɗanɗano, ya yi wani irin gafi, aikin shekarar ya ƙare ke nan. Duka duka kakar ba ta wuce mako 4 zuwa 6 ba.

Wannan ya amsa tambaya ta uku. Hunturunmu, ko da na kan dutsen Jos ne, bai kai ya daskarar da jikin itace dare bayan dare ba. Kada wani ya ruɗe ka ya sayar maka da iri. Ba mu muka fara wannan sha'awa ba. A 1791 Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya sayo dashen mefil masu yawa ya kai gonarsa ta Virginia, wadda ke kudu da ainihin ƙasar sukarin, yawancinsu suka mutu, bai sami sukarin da ya ke buri ba. Ko wace ƙasa da abin da ta ke karɓa.

DOKOKIN HUDA

Ga inda na fi so manoma su kasa kunne. Ba a taɓa itacen mefil sai kaurin gindinsa daidai ƙirjin mutum ya kai inci 10 daga wannan gefe zuwa wancan. Kafin ya kai haka ya kan yi shekara 30 zuwa 40. Watau mutumin da ya raini ƙaramin itace yau, sau da yawa ɗansa ne ko jikansa zai sha ruwansa.

In ya isa huda, sai a sa ƙarfen huda a yi rami ƙarami wanda bai kai kaurin ɗan yatsa ba, zurfinsa inci 1 da rabi zuwa 2, a ɗan karkata shi don ruwa ya gangaro. A kafa ɗan bututu a ciki, a rataya bokiti mai murfi. Itace matsakaici huda ɗaya a ke yi masa. Sai babba, wanda ya wuce inci 18, a ke yi wa biyu. Baɗi kuma ba a komawa ramin bara, sai a matsa gefe, a bar tsohon ya warke.

Dalili shi ne, ko wace huda ta kan bar tabo cikin naman itacen, wurin nan kuwa ba ya sake ɗaukar ruwa. Mai haɗama da ya yi wa itace huda biyar ko shida zai cika bokitai bana, amma cikin 'yan shekaru ya rasa wurin hudawa, itacen kuma ya raunana. Da can ramin da a ke yi ya fi na yanzu faɗi, har masu bincike suka nuna ƙaramin rami na ba da ruwa kusan daidai da babba, ga shi ya fi saurin warkewa, sai jama'a suka koma kansa. Itacen da aka bi masa doka a kan tatse shi shekara 100 ko fi, yana nan lafiya lau.

Huda ɗaya da bokiti ta kan ba da wajen galan 10 na ruwa a kaka guda, watau garwa biyu da rabi. Kada ka zaci ruwan nan mai kauri ne. Fari ne tas kamar ruwan rijiya, zaƙinsa kaɗan ne ƙwarai, don sukarin da ke ciki kashi 2 ne ko 3 bisa 100. Ruwan rakenmu ya ninka shi zaƙi sau biyar ko fi.

DAHUWA

Wannan shi ne tushen tsadar. Kafin a sami galan 1 na maɗi sai an dafa wajen galan 40 na ruwa. A ma'auninmu, garwa goma za ka ɗora a wuta, ka sauke rubu'in garwa. Itacen da aka jira shekara 40, abin da huda ɗaya tasa ke bayarwa a shekara wajen lita 1 ne na maɗi.

Masu sana'ar suna da lissafi mai sauƙi wanda akawu zai ji daɗinsa. Ka raba 86 da yawan sukarin da ke cikin ruwan, abin da ya fito shi ne galan nawa za ka dafa ka sami galan ɗaya. In sukarin kashi 2 ne, galan 43 ke nan. In kashi 3 ne, wajen galan 29. Ka ga ashe itace mai faffaɗan kai, wanda ke shan rana sosai ya tara sukari, yana rage wa mai shi itacen wuta da wahala. Don haka su kan sassabe dajin, su cire itatuwan da suka matsu, su bar masu kyau su wala.

Ba a barin ruwan ya kwana biyu. Kamar nono ya ke, in ya ji ɗumi sai ya yi tsami. Ran da aka tara shi ran nan a ke dafawa, cikin manyan farantan ƙarfe masu faɗi marasa zurfi, don tururi ya fita da sauri. A riƙa kwashe kumfa, a riƙa ƙara ruwa. An san ya nuna sa'ad da zafinsa ya ɗara na tafasasshen ruwa da digiri 4 a ma'aunin Santigireti, watau wajen digiri 104. A nan sukarinsa ya kai kashi 66 bisa 100, abin da doka ta yanka ke nan. In aka sauke kafin nan, zai yi tsami a kwalba. In aka zarce da yawa, sai sukari ya daskare a gindin kwalba kamar tsakuwa. Sa'an nan a tace shi da ƙyalle mai kauri don a raba shi da wani rairayi da dahuwa ke fitarwa, a ɗura shi da zafinsa, a toshe.

Mai son gari sai ya ci gaba da dafawa har zafin ya haura digiri 120, ya sauke, ya yi ta juyawa da muciya har ya farfashe ya zama gari. Lita 1 na maɗi na ba da kusan kilo 1 na sukari. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi ya ga yadda su ke dafa ruwan rake su juya shi su zuba a faranti, ya riga ya ga rabin wannan aiki.

MASU SANA'AR TUN ASALI

Ba Turawa suka gano abin nan ba. Mutanen ƙasar na asali, irin su Ojibwe da Abenaki da Irokwa, su ke yin sa tun kafin jirgin Bature ya isa can. Su kan tsaga ɓawon itacen, su tari ruwan cikin mazubin ɓawo, su bar shi ya kwana a waje, da safe su ɗauke ƙanƙarar da ta taru a sama, abin da ya rage ya ƙara zaƙi. Turawa suka koya daga gare su, suka kawo tukwanen ƙarfe, daga baya faranti masu faɗi.

Wajen 1790 wani likita na Philadelphia, Benjamin Rush, da abokansa suka yi ta kiran mutane su koma ga sukarin mefil, don sukarin rake na zamanin nan bayi ne ke noma shi a tsibiran Karibiyan cikin azaba. Abin bai kori sukarin rake daga kasuwa ba, da araharsa ta zo ma sai masu mefil suka rage yin gari suka koma sayar da maɗi.

Tun daga wajen 1970 aikin ya canja ƙwarai. Manyan gonaki sun bar bokiti, sun ja siraran bututan roba daga itace zuwa itace har cikin tanki, da injin da ke zuƙowa. Akwai kuma injin da ke matse ruwan ta cikin wata irin matata mai ƙanƙanan ƙofofi, ya fid da kashi uku cikin huɗu na ruwan tun ba a kunna wuta ba. Wannan ya rage cin itacen wuta da mai ba kaɗan ba.

RUMBUN MANOMA DA ƁARAYI

Sana'ar da ta dogara ga mako shida na sanyi da ɗumi ba ta da tabbas. Bana a cika ganguna farashi ya faɗi, baɗi a rasa. A watan Janairu na 1998 ma ruwan ƙanƙara ya sauka kwana da kwanaki a Quebec da Ontario, ya kakkarya rassan itatuwa masu ɗimbin yawa. Saboda irin wannan manoman Quebec suka haɗa kai, suka kafa ƙungiyarsu a 1966. A shekara ta 2000 kuma suka buɗe babban rumbu, inda a ke ajiye rarar shekarar yalwa cikin ganguna don a fitar a shekarar rashi. Amfaninsa ya fito fili a 2021, da kaka ta zo gajera mai ɗumi, suka fid da wajen kilo miliyan 22, kusan rabin abin da ke ciki, kasuwa ba ta yanke ba.

Abin da ke da daraja kuwa ba ya rasa ɓarawo. Tsakanin 2011 da 2012 waɗansu mutane suka yi ta kwasar maɗi daga wani sito na ƙungiyar, har wajen ton 3,000, kuɗinsa ya haura dalar Kanada miliyan 18. Su kan zuƙe maɗin su cika gangunan da ruwa. Sai da mai duba kaya ya zo ƙidayar shekara, ya hau kan ganguna wata ta nemi kifewa da shi don ba komai a ciki, sa'an nan asiri ya tonu. Akawunan sito da magatakardan ƙungiyoyin manoma, ƙidayar ganga daga waje ba ta isa ba, a riƙa buɗewa ana dubawa.

'Yan kasuwa kuma ga naku. Ba ko wace kwalba mai hoton ganye ce ke da maɗin mefil ba. Da yawa maɗin masara ne aka sa masa launi da ƙanshi, wani lokaci ƙanshin ma daga hulba a ke samo shi, don ƙanshinsu ya yi kama. Duba inda aka jera abin da ke ciki. Na gaske abu ɗaya tak za ka gani. In ka ga jeri mai tsawo, ga kuma araha, ka tuna araha ba ta ado. Na gasken tun 2015 an raba shi aji huɗu bisa launi: ruwan zinariya, ja-ja, mai duhu, da mai duhu ƙwarai. Mai haske na farkon kaka ne, mai duhu na ƙarshe. Duka zaƙinsu ɗaya, ƙanshi ne ya bambanta, mai duhu ya fi ƙarfi.

HATSIN OT

Yanzu sai abokin tafiyarsa. Ot hatsi ne dangin alkama da sha'ir, mai son sanyi da laima. Kanada da Rasha su ne manyan masu noma shi, Kanada kuwa ta fi kowa fitarwa waje. Da can yawancinsa dawaki a ke ba, sai a ƙasar Sikotilan da ya zama abincin mutane na yau da kullum. Mu nan mun san shi cikin gwangwanin Quaker da a ke damawa kamar koko. Kamfanin nan an kafa shi a Amurka a 1901.

Ƙwayar ot ta fi sauran hatsi mai. Don haka da an cire ƙaiƙayinta, in ba a yi wani abu ba, sai man ya lalace ta yi ɗaci. Maganin abin shi ne a turara ta, a busar, sa'an nan a bi ta tsakanin manyan ƙarafa biyu masu juyawa su lallatse ta. Shi ya sa ka ke ganin ta fale-fale. Wadda aka lallatse da kauri ita ta fi kyau ga biskit. Wadda aka yayyanka ƙanana don saurin dahuwa ta kan sa biskit ya yi laushi kamar tuwo.

Abu biyu za ka riƙe game da ita. Ba ta da danƙon nan na alkama da ke riƙe ƙullu, don haka sai an haɗa ta da fulawa. Tana kuma da wani irin yauƙi mai shan ruwa da yawa, wanda likitoci suka tabbatar yana taimakawa wajen rage kitsen jini, har hukumar abinci ta Amurka ta yarda a rubuta haka a jikin kwali a 1997. Wannan shan ruwa nata shi ya sa ta dace da maɗi.

YADDA A KE YIN BISKIT

Biskit na ot tsohon abinci ne a gidajen manoman can. Yana cikin littafin girkin da Fannie Farmer ta buga a Boston a 1896, matar da ta yi suna wajen nacewa a auna komai daidai, a shafe bakin kofi da cokali. Mu ma haka za mu yi. Kofin da na ke nufi shi ne mai cin gwangwanin madara ɗaya da rabi.

Ga kayan: ot kofi 2, fulawa kofi 1, man shanu ko bota rabin kofi, maɗin mefil mai duhu rabin kofi, sukarin mefil rubu'in kofi, ƙwai 1, sodar girki rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali, garin kirfa rabin ƙaramin cokali. Mai so ya ƙara zabibi ko soyayyar gyaɗa rabin kofi.

A buga man da sukarin har su yi laushi. A fasa ƙwai a ciki a buga, sa'an nan a tsiyaya maɗin kaɗan kaɗan ana juyawa. A wani kwano dabam a gauraya fulawa da soda da gishiri da kirfa, a juye cikin na farin, a zuba ot daga ƙarshe. Kada a yi ta tuƙawa, da ya haɗu a bari. A rufe a ajiye wuri mai sanyi rabin sa'a. A shafa wa faranti mai, a riƙa ɗiba da babban cokali ana jerawa, a bar tazarar yatsa uku tsakani, a ɗan danna kan ko wanne. A gasa a zafin digiri 165 minti 12 zuwa 15, har gefen ya yi ja, tsakiyar na da sauran laushi. A bar su kan farantin minti 5 kafin a kwashe. Za a sami wajen guda 24.

Mai kantin nan ya sam mini kaɗan daga kwalbarsa, mai ɗakina ta gwada. Karon farko ba ta bar ƙullun ya huta ba, wuta kuma ta yi yawa, sai biskit ɗin suka baje suka haɗe da juna, gindinsu ya ƙone, muka yi asarar maɗi mai tsada. Laifina ne, don ban yi mata bayanin dalili ba. Ga dalilan. Kashi ɗaya cikin uku na maɗi ruwa ne, hutun rabin sa'an nan shi ke ba ot dama ta shanye shi. Maɗi kuma ya fi farin sukari saurin yin ja a wuta, don haka a ke rage zafi da wajen digiri 15 daga yadda aka saba. Mai gashi da tukunya da yashi da gawayi, sai ya rage garwashin ƙasa ya ƙara na kan murfi.

In kana da wani tsarin girki da aka rubuta da farin sukari kana son ka juya shi, ga ƙa'ida. A madadin kofi 1 na sukari ka sa kashi uku cikin huɗu na kofin maɗi, ka rage babban cokali 3 daga madara ko ruwan da aka ce a zuba. Garin sukarin mefil kuwa kofi da kofi ne, ba a rage komai. In babu mefil sam, a kankare mazarƙwaila mai tsabta kofi ɗaya ba rubu'i, a ƙara madara babban cokali 2. Ƙanshin zai bambanta, amma biskit zai yi.

Gargaɗi biyu. Kwalbar da aka buɗe ta kan yi fumfuna a zafi irin namu, sai a sa ta a firiji ko a shanye da wuri. Kada kuma wani ya ce maka tun da daga itace ya fito mai ciwon sukari na iya sha yadda ya so. Gaskiya ne yana ɗauke da ɗan sinadarai masu amfani da babu su a farin sukari, amma ainihin sukarin da ke cikinsa iri ɗaya ne da na rake.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Mefil ba zai yi a ƙasarmu ba, ot ma ba hatsin zafi ba ne. Amma dubi abin da ya sa 'yar kwalbar nan ta yi daraja har ta ƙetare teku. Mutanen sun bar itace ya girma, sun yanka wa kansu dokar huda sun bi ta, sun tsai da ma'aunin dahuwa guda ɗaya, sun raba kaya aji aji, sun kuma haɗa kai sun yi rumbu.

Muna da namu itatuwan. Kaɗanya ta kan yi shekara 15 ko fi kafin ta soma 'ya'ya, amma mai gawayi ya kan kayar da ita cikin yini ɗaya. Ɗorawa ma haka. Masu ƙaro a Barno da Yobe sun san dakwarar da aka yi wa tsaga mai zurfi ba ta daɗewa. Mai mazarƙwaila kuwa da zai riƙa tace ruwan rakensa, ya kwashe kumfa sosai, ya ware fara da baƙa, ya rufe kayansa daga ƙuda da ƙura, lalle da ya ga bambanci a farashi.

Don haka kafin ka ɗora gatari a kan itacen da ka tarar a gonarka, tambayi kanka shekara nawa ya yi kafin ya kai haka, wa kuma zai dasa wa 'ya'yanka wani. Mai tambaya a kan renon dashe ya nemi malamin gona na yankinsa. Sai mako mai zuwa, za mu koma kan ajiyar iri.